Ƙusar Belmiro

Fiyus bakwai ta zube min a kan benci,
kowanne ya yi baƙi, cikinsa a tsinke,
kamar ruɓaɓɓun haƙora a tasar likita.
Ermelinda ce, mai kai burodi ƙauyukan Vinhais,
fulawa a gira, fulawa a hannun riga.
Ta ce, "Anibal, motar nan ta koyi ƙarya.
Da asuba lafiya lau,
a hawan Moimenta sai ta yi tari biyu ta mace,
burodi na hucewa,
tsofaffi na tsaye bakin ƙofa cikin sanyi."

Ɗan maƙwabcinta ya riga ni ba da fatawa:
wai a sa mai lamba talatin a gurbin sha biyar,
ko a naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli.
Na ce, wanda ya ɗinke bakin mai gadi
ɓarawo ya yi wa aiki.
Fiyus ba shi da laifi. Shi yake mutuwa
don kada wuta ta lashe motar.
Ruwa ba ya tsami banza.

Na zare fiyus ɗin famfon mai,
na maƙala ƙwan fitila a gurbinsa:
in waya ta taɓa ƙarfe, haskensa zai tona asiri.
Na girgiza wayoyin injin. Shiru.
Na bi ta bayan batir, na bi ta ƙasan sitiyari,
na kwanta a siminti har sanyi ya shige min ƙugu.
Ƙwan nan ja-ja kawai,
garwashi mai barci cikin toka.
Kwana biyu cur motar na gurnani a gareji,
garau, tana min kallon raini.

Da dare ina shan miyar kabeji, cokali ya tsaya a hanya.
Ashe fanko nake gwada ta!
Ita kuwa ba ta taɓa macewa a hanyar dawowa ba.

Gari na wayewa na aiki Telmo gidan ƙanwata,
ya zo da buhu huɗu na dankali.
Muka ɗora su kan kantocin baya
inda kwandunan burodi ke zama.
Na ukun na sauka, ƙwan ya tashi fau,
fari fat, har yaron ya ja da baya.
Na ce ɗauke. Ya dushe.
Na ce mayar. Ya haska.

Muka ɗaga katakon daɓe, sai ga ta.
Ƙusa mai zare, ta fi buƙata tsawo da faɗin yatsa guda,
ta huda katako, ta huda ƙarfe,
tsininta na kwance kan jar waya.
Shekara da shekaru tana ƙwaƙular roba,
kaɗan-kaɗan, aikin gara,
sai bana ta kai ga tagulla.

Ermelinda ta daɗe tana juya ta a tafin hannu.
Ta ce, "Belmiro ya kafa kantocin nan,
wata Lahadi bayan coci, yana ta fito.
Kullum sai ya zaɓi ƙusa mafi tsawo,
wai kada wani abu ya faɗo a bayan ransa."
Shekara shida ke nan da binne shi.
Telmo ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi
wadda ba ta kwance ba.

Na yanke inda ya ƙone, na haɗa da dalma,
na naɗe, na karkatar da wayar nesa da ramin,
na sa sabon fiyus, sha biyar, daidai da nasa.
Na miƙa hannu zan jefa ƙusar a gwangwanin tsatsa.
Ta riga ni. Ta shige aljihun rigar sanyi.

Yuro ashirin da biyar na karɓa.
Ta bar min burodin hatsin rai guda biyu a kan benci,
da fiyus bakwai ɗin nan,
wai ni na fi ta sanin darajarsu.