Ana Neman Bakanike

Wata tara ke nan allon yana rataye
a ƙofar garejina, bayan gadar jirgi a Wolverhampton.
Ruwan sama ya cinye rabin rubutun.
Lambar wayata ce kaɗai ta ƙi gogewa,
ita ma ta ƙi yin ƙara.

Ramin gyara huɗu, mu biyu:
ni da tsoho Clive, wanda gwiwarsa
ke ƙara kamar busasshen birki in zai durƙusa.
Mota goma sha ɗaya a layi.
Mai tasi na leƙowa kullum da asuba,
ba ya cewa komai,
sai ya shafa bonet ɗin motarsa ya tafi.

Wojtek ya koma ƙasarsu, ya bar mini kofin shayinsa.
Kieran kuwa, da na ɗora wa sifana a hannu
tun bai fara aske gemu ba,
babban kamfanin bakin titi ya ɗauke shi:
ƙarin fam huɗu a kowace awa,
riga mai sunansa a ƙirji,
daɓe mai ɗumi ko a tsakiyar Janairu.
A baki na ce Allah ya ba da sa'a,
a zuci na ce butulu.
Da dare na ɗauki biro na buga lissafi,
na ga da ni ne, da na riga shi fita.

A Ƙofar Ruwa, inda na koyi aikin,
uwa ke kawo ɗanta da goro tana roƙo.
Shekara uku ina wanke noti a fetur
kafin Oga Barau ya bar ni na leƙa cikin injin.
Can yaro ke bin oga.
Nan ga ni da furfura, ina bin yara
har ƙofar kwalejinsu, da takarda a hannu.

Asabe ta ce, ba yaran ne suka lalace ba.
Ka taɓa tsayawa a garejinka ba ka motsi?
Sanyi har ɓargo.
Inda aka san darajar goro
nan ake nema masa ganye.

Na sayar da tsohuwar Marsandin da nake ta ajiya,
na sa hita biyu, na toshe rufin da ke yoyo,
na sayi na'urar da ke jin yaren motocin zamani.
Na rufe Asabar. Hannuna har rawa yake da na sa kwaɗon.

Ranar wata Talata sai ga Shanice,
ta turo motar kakarta, ta riga ta san ciwon,
ramin kawai take son aro.
Na tsaya ina kallon yadda ta kasa kunne
kafin ta taɓa komai.
Na ce, kina son aiki?
Ta goge hannu, ta ce, tukuna.
Kayan aiki, na wa? Wa zai biya?
Banɗakin nan yana da sakata?
Za ka tura ni koyon motar lantarki,
ko zan tsufa ina juye baƙin mai?
Shekara talatin ina yi wa mutane tambaya.
Ranar ni aka titsiye, har gumi na yi.

Na sa sakatar da kaina, kafin la'asar.

Yanzu mu uku ne.
Wataƙila bayan shekara uku kamfanin ya daga mata hannu.
Clive ya ce, to sai me? Koya mata duka,
har abin da kake ɓoyewa.
Ni hannuna ya kusa ajiye aiki,
kada ya tafi da shi kabari.

Allon yana nan, na sake masa fenti.
Jiya mai tasi ya karɓi makullinsa.
Kofin Wojtek kuma, ita ke shan shayi da shi,
ta ce hannunsa ya karye, amma ba ya yoyo.