Ajin Daren Talata

A ƙarƙashin wani tsohon coci a Sheffield,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari kamar mai mura,
nake koyar da Turanci duk daren Talata.
Kujeru goma sha huɗu, ɗaya gurguwa.
Yau darasin ladabi ne, shafi na sittin da biyu.

Na ce musu: a nan in an ce yaya kake,
ba tambaya ba ce, gaisuwa ce kawai,
ka ce lafiya, ka wuce.
Letebrhan ta ajiye biro.
Ta ce jiya mai shagon burodi ya tambaye ta,
ta ba shi labarin gwiwarta, da na ɗanta da ke Kassala,
da na takardar da har yau ba ta zo ba,
sai da layi ya kai bakin titi.
To don me ya tambaya, in ba ya son ji?
Na duba littafi. Littafi bai ce uffan ba.

Parvin kuwa, maƙwabciya ce ta miƙo mata shayi da kek.
Ta ce a'a, yadda uwarta ta hore ta,
tana jiran tayi na biyu, da na uku.
Matar ta ɗauke farantin ta mayar kicin.
Awa guda ta zauna da busasshen maƙogwaro
tana shaƙar ƙamshin lemon tsami daga can ciki.

Aka yi ta dariya har Bogdan ya share hawaye,
Bogdan da ba ya magana sai an taɓo shi.
Ya ce shi ma abokin aikinsa ya ce masa
ka leƙo mu wata rana,
sai ya sa kwat ran Lahadi, ya sayi furanni,
ya tarar da mutumin da gajeren wando
yana kallonsa kamar mai karɓar haraji.

Na rubuta a allo:
Wata rana na nufin ba rana.
In an taka ka, kai za ka ba da haƙuri.
Kada ka tambayi albashi, ko shekaru, ko ina yara.
Ka buga waya kafin ka je.
Zancen ruwan sama kaɗai ne ba ya ɓata wa kowa rai.
Suka kwafa, baƙi bayan baƙi,
Thuy har da ja musu layi da jan biro.

Bayan sati uku mahaifiyata ta rasu.
Dangi suka turo katin ta'aziyya ta gidan waya.
Maƙwabcina na shekara goma sha ɗaya
ya ɗaga min hannu ta kan shinge,
ya ce ruwan nan ya ƙi ɗaukewa.
Na ce, ai kuwa.

Ran Talata, ƙarfe bakwai, aka ƙwanƙwasa ƙofa.
Ba wanda ya buga waya.
Su tara a kan matakala, laima na tsiyaya,
tukwane nannaɗe cikin tawul.
Suka tuɓe takalma duk da na ce a bari,
suka jera su jikin bango, jiƙaƙƙu.
Parvin ta zuba min shinkafa. Na ce na ƙoshi.
Ta sake turo farantin. Na ce a'a, na gode.
A karo na uku na karɓi cokali.
Bogdan ya jiyo famfon da ke ɗiga tun bara,
ya durƙusa ƙarƙashinsa da kwat ɗin nan a jikinsa.

Letebrhan ta zauna a kujerar mahaifiyata,
ba ta sani ba, ni ma ban faɗa ba.
Ta kama hannuna, ta jera kalmomin a hankali,
kowace a gurbinta, yadda na koya mata:
Yaya kike?

Na buɗe baki zan ce lafiya.
Ba ta saki hannun ba.
Ta gyara zama.