Hanyar Epe

Bayan Ikorodu, Legas takan sauke murya.
Kwalta ta rame, kwakwa ta yi tsawo,
hayaƙin mota ya ba hayaƙin kifi hanya.

A Agbowa mata na tuyar garin rogo.
A Itoikin gada ta haye da mu
kan ruwa baƙi wuluk, sai ka ce an jiƙa tawada.

Nan kakana Jatau ya yada zango:
da kanwa yake zuwa, da goro yake komawa.
Ejinrin, in ji shi, ranar cinta
ba ka ganin ruwa don kwale-kwale.
Na je. Rumfuna sun durƙusa,
ɓaure ya leƙo ta tagar kanti,
akuya na tuƙa inda ake ƙirga sulalla.

Iya Morenike ta dube ni sama da ƙasa.
"Jikan wa?" Na faɗa.
Ba ta san shi ba. Ta dai turo mini kujera.

Epe kuwa kanta na tudu, ƙafarta na ruwa.
Da asuba masunta ke shigowa da tarwaɗa,
ana tayi da Ijebu, ana rantsuwa da Larabci,
canjinka, in ka yi sa'a, a miƙo da Hausa.

Ta kudu ana sare kurmi, ana kafa turaku masu lamba.
Birni na tahowa, ba ya ko sallama.

Kaka, ban ga sawunka ba,
laka ba ta ajiyar sawu.
Busasshen kifi na saya, aka naɗe a jarida.
Har Zariya jakata na ƙamshin ƙasar nan.