Lissafin Sahura Mai Masauki

An ce doka na tafe, ba a faɗi rana ba.
Ni dai da na ji, tsintsiya na ɗauka,
na zaga bayan masaukina, ɗaki tara da rumfa,
ba nisa da rijiyar Kusugu,
na ƙirga abin da baƙi suka bar mini a mako guda:
ledar ruwa buhu biyu, an tsotse an yar,
robar lemo, cokalin roba mai karyewa cikin tuwo,
da wata baƙar leda can saman darbejiya
tana kaɗawa kamar ita ke da gidan.

Bara akuyata ta daina cin dusa.
Da Barau mahauci ya farke tumbinta,
ƙullin leda ya zaro, ya kai girman gwanda.
Bai ce komai ba, ya wanke wuƙarsa.
Ni ma ban ce ba,
don daga kicin ɗina ledar ta fito.

To, da tsohuwar zuma ake magani.
Na je wurin Inna Kande mai ginin tukwane,
na ce randa uku, tulu tara, kowane ɗaki da nasa.
Ta dube ni sama da ƙasa:
"Yaushe rabon ki da ƙofata?
Sai da roba ta juya maku baya?"
Na biya kuɗin, na haɗiye maganar.

Nazifi ɗana, mai riƙe littafin kuɗi,
ya buga lissafi a waya, ya yamutsa fuska.
Kwalba tsada, matatar ruwa tsada,
ga sabulu, ga gawayi, ga hannun da zai wanke.
Na ce ita ledar kyauta ake ba ka?
Kullum saye, kullum shara.
Kwalba kuwa sau ɗaya, sai fa in ta faɗi.
Washegari uku suka faɗi.
Mati ne. Ya rantse santsi ne.

Baƙon farko ɗan kasuwa ne daga Legas.
Ya ɗaga murfin tulu,
ya leƙa kamar mai neman kunama.
"Hajiya, babu na leda?"
Na kai shi ya ga matata, ya ga tukunyar tafasa,
na cika moɗa na shanye a gabansa.
Ya kurɓa. Ya sake kurɓa.
Da zai tafi sai da ya yi cinikin tulun.
Matarsa kuwa, kwana uku,
a bakin titi take aika a sayo mata nata.
Ban hana ta ba. Ni ba hukuma ba ce.

Yanzu masa a kwano, fura a ƙwarya,
kilishin guzuri a takarda,
tsaraba a jakar kaba da Ladidi ke saƙawa,
har ta fara yi mini yanga da farashi.

Abin da ke hana ni barci Lawandi ne.
Shekara shida yana turo kura ƙofata da asuba,
buhun ruwa goma, 'ya'yansa huɗu.
Na ce zo ka riƙa wanke kwalabe, ka cika tuluna.
Ya ce zai yi shawara.
Ya tambaye ni, sauran masu kurar fa?
Ban da amsa. Ɗakina tara ne kawai.

Jiya na shiga kasuwa sayen tumatir.
Na miƙa hannu, mai kaya ya miƙo,
muna ta hirar tsadar albasa.
Sai da na iso gida na ga abin da nake riƙe da shi:
baƙa, mai kunne biyu,
tana lilo a yatsana.
Na wanke ta, na shanya a igiya.
Nazifi ya gani, ya kau da kai yana dariya.