Direban Tawaga

Ƙarfe bakwai na ɗauko su a ƙofar otal,
su goma sha ɗaya, masana daga Indonesiya.
Gwamnatinsu ce ta turo su nan Lusatiya
su ga yadda ƙasa ke yaye kanta daga kwal.
Ni ne Handrij, direba.
Babu sunana a jadawalin ziyara.

Farfesa Sitompul ya kama kujerar gaba,
biro uku a aljihu, tari a ƙirji.
Ya ce shekara takwas yana karanta mu a takarda,
yau gani zai kori ji.

Tashar lantarki muka fara zuwa.
Aka ba su hulunan kwano masu ruwan ɗorawa,
manaja ya haska musu zane a bango:
layin hayaƙi yana gangarowa,
layin iska yana hawa.
Suka tafa.
Ni ina waje ina goge madubi,
ina kallon tururi yana tashi daga hasumiya
yadda yake tashi tun ina ɗan goye.

Sai filin fankoki, dogaye, farare,
suna juya hannu kamar masu sallama da baƙo.
Aka yi tambaya kan tallafi da haraji,
kan wa zai biya, kan shekarar rufewa.
Wani ya nemi banɗaki.

Da la'asar muka isa tafki.
Malama Lehnigk, jagorarsu, ta buɗe hannu:
dā rami ne, zurfin gini mai hawa ashirin,
yau ga kwalekwale, ga yara da askirim.
Ta ce har yanzu ana zuba masa farar ƙasa
don a kashe tsamin ruwan.
Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Dakta Wulandari ba ta bi su ba.
Takalmi ya ci mata dunduniya,
ta zauna a matakalar mota tana liƙa filasta.
Ta ce, kai ɗan wane gari ne?

Na nuna mata.
Kin ga jar tutar can da ke lilo a kan ruwa?
Ki ɗan karkata hagu.
Wolsinka ke nan. Gida saba'in da biyu.
Coci, makaranta, itacen tuffa na kakata.
An kwashe kaburbura a akwatuna masu lamba,
ƙararrawa tana gidan tarihi, ba ta bugawa.

Ta ce, wa ya tone shi?
Na ce, injin da na tuƙa shekara goma sha tara.
Ba ni ke aiki ba a ranar,
amma da ni ne, da na hau.
Da kuɗin kwal na aurar da 'yata,
da shi na saya wa uwata kujerar guragu,
kuma ranar da aka kashe injin
na yi kukan da ban yi wa ƙauyen ba.

Ta yi shiru har filastar ta kama.
Ta ce mahaifinta yana loda kwal a jiragen ruwa
a kogin Mahakam,
da gumin nan ta yi digiri uku,
yanzu ita za ta rubuta shawarar
da za ta raba shi da aikinsa.

Ban ba ta dabara ba, ba ni da ita.
Ta buɗe littafinta a shafin ƙarshe,
ƙarƙashin lissafin megawat,
ta ce in faɗi sunan garin harafi harafi.
Ta yi kuskure a na huɗu, na gyara.

Sauran suka dawo da yashi a takalma,
Farfesa yana cewa wannan abin koyi ne.
Na ƙirga kawuna. Goma sha ɗaya.
Otal da nisa, ga liyafa ƙarfe takwas.
Na kunna fitila, na bi hanyar da ta kewaye ruwan.