Jira

Ranar da Baba ya shigo da shi
ƙulle a yagin jarida,
bai gama jingina kekensa da bango ba
Inna ta ce, "Tanimu, mene ne kuma wannan?"
Ya ce, "Ba'indiyen sashenmu ne ya ba ni,
mai gyaran injin saƙa.
Larabawa na ce masa kammun.
Shi kuwa da na tambaye shi, sai ya ce jira."
Inna ta ce, "In jira wa?
Ga ruwan tuwo yana tafasa."

Ta zuba a tafin hannu, ta kai hanci.
'Yan ƙwayoyi sirara masu tsini biyu,
kamar kwale-kwalen masunta
in ka hango su daga kan gada.
Ta ce warinsa na rigar lebura ne da yamma.
Ta tura shi bayan kimba da masoro,
can inda daddawa ba za ta gan shi ba.

Mako uku yana nan.
Sai ashirin da biyar ga wata,
wake tsura a tukunya, ko kan kifi babu.
Baba ya naɗe hannun riga,
ya ɗora kasko, man gyaɗa cokali biyu,
ya ce, "Haka na ga yana yi a bayan sito."
Ya watsa su. Shiru.
Na kai ludayi zan juya,
ya kama wuyan hannuna:
"Jira."

Sai suka soma magana,
tas, tas-tas,
irin yayyafin farko a kan rufin kwano.
Ƙamshi ya miƙe tsaye a tsakar gida,
ya haura katanga,
har Maman Kyauta ta leƙo
tana tambaya ko baƙi muka yi.
Inna ta ci, ba ta ce komai ba.
Ta dai miƙo kwano a ƙara mata.

Shekarar da jiniyar masaƙa ta yi shiru,
Kakuri ta rasa mai tashinta da asuba.
Ba'indiyen ya ɗaure akwatinsa.
Baba ya je ƙofar kamfani da takardar sallama,
aka ce ya jira.
Ya koma bayan Sallah, aka ce ya jira.
Ciyawa ta fito ta tagar ofishin biya,
akuyoyi suka gaji masu gadi.
Ya sayar da keken, ya ci gaba da zuwa a ƙafa,
takardar tana laushi a aljihu
kamar tsumman goge tukunya.
Wata rana ya dawo yana dariya shi kaɗai,
ya ce, "Rakiya, kin ga abin miyar nan?
Shi suka raba mana mu duka,
kowa da ƙullinsa."

Da takardar a aljihu muka same shi.

Yanzu a Kasuwar Barci nake saye,
wurin Sagiru, kusa da masu atamfa.
Yana auna min da murfin kwalba,
kullum sai ya tambaya ko niƙaƙƙe nake so.
A'a. Niƙaƙƙe ba ya magana.

Abin da Baba bai faɗa min ba,
kasko ne ya koya min:
in ka wuce da ƙiftawar ido biyu
ƙwayar ta yi baƙi,
ɗacinta ya bi wake har gindin tukunya,
sukari ma ba ya lallashinsa.

Daren jiya Zulaihat ta tsaya kusa da ni,
shekararta tara, ludayi a hannu.
Na watsa su. Shiru.
Ta kai hannu, na kama.
Ban faɗi kalmar ba.
Na ce, "Ki saurara.
Da kin ji sun yi magana,
ki zuba albasa,
kada ki ƙara musu ko numfashi ɗaya."