Maganaɗisu Biyu

Garanti ya ƙare ran sha tara ga Nuwamba.
Keken ya yi kawaici har cikin Disamba,
sannan ya daina ƙirga.
Sirkka na taka feda, ƙafar dama na jan ta hagu
kamar ya da ƙanwa a kan santsin ƙanƙara,
allo kuwa ya kafe a sifiri.

Na kira kamfani.
Wani yaro mai laushin murya ya ba ni haƙuri sau huɗu,
ya ce sai an sauya allon ɗungurungum,
ya faɗi kuɗin.
Na ce masa shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin injin jirgin fito
tsakanin Turku da tsibirai,
ban taɓa yar da inji don waya ɗaya ta yi fushi ba.
Ya ce ya gane.
Bai gane ba.

Ƙarfe uku da rabi rana ta tattara nata ta tafi.
Na kwantar da keken a gefensa kamar mai jinya,
tocila a baki, gwiwa na ƙara,
noti shida a cikin kofin shayi,
na bakwai ya gangara ƙarƙashin kabad, yana can har yau.

Ga ɗan ƙirgan, bai kai ɗan yatsa ba,
aikinsa kawai ya ji wucewar maganaɗisu ya ce: ɗaya.
Na bi wayarsa da hannu har gindin sitiyari,
inda fulogi ya haɗu da soket.
Nan ɓarnar take.
Haƙora biyu sun yi kore shar,
gishirin zufa ya cinye su.

Zufarta ce.
Wata tara tana ɗiga a wuri guda
tun ranar da ɓarin jikinta ya shanye a bakin tukunyar kofi,
tun da likita ya ce taka, ko ba daɗi, taka.

Na kankare da tsinin allura,
na goge da auduga da ɗigon sifirit,
na matse bakin soket har ya ce ƙyas.
Maganaɗisun ma ya zame daga mazauninsa,
na dawo da shi, tazarar kaurin kwabo biyu.
Na juya feda da hannu.
Allo ya farka.

Ta hau. Talatin da ɗaya a minti.
Ta dubi lambar, ta dubi taga.
Duk kwanakin sifirin nan ta ɗauka sittin take yi.
Ba ta ce komai ba, ta sauka, ta nemi sandarta.

Daren nan na ɓamɓaro maganaɗisu daga ƙofar firji,
wanda ke riƙe da hoton jikanmu Eemeli,
na manna shi da gam daura da na farko.
Juyi ɗaya, ƙirga biyu.
Ban taɓa yi wa mita ƙarya ba, ko a teku,
amma hannuna bai yi rawa ba.

Da safe: sittin da biyu.
Ta taka minti guda cur,
numfashi na fita da ƙyar,
sannan ta tsaya, ta ce,
Veikko, shekara arba'in ina koyar da lissafi.
Ina hoton yaron nan ya faɗi?
Cire abin da ka sa.

Na cire. Gam ɗin ya tafi da fatar yatsana.

Yau talatin da huɗu.
Ta rubuta a jikin kalanda da hannun hagu,
huɗun ya karkace kamar kujera mai ƙafa uku.
A waje motar kwashe dusar ƙanƙara na wucewa,
ni ina durƙushe da tsintsiya
ina laluben noti na bakwai.